Tsuntsaye Goma Sha Bakwai

Sati uku muka yi a ajin koyon zane muna kwaikwayon wani tsohon hoto: shanu a bakin rafi, tunkiya a gefe, sama kuma ɗige-ɗigen tsuntsaye baƙaƙe. Malaminmu bai damu da shanun ba kamar tsuntsayen.

"Goma sha bakwai ne," in ji shi. "Wanda ya rage ɗaya zai sake."

Na zana su tsaf, har mijina ya rataye nawa a saman teburin cin abinci.

Ranar ƙarshe Malam ya ce in mayar da tsohon hoton bango. Yatsana mai gumi ya gogi saman, sai tsuntsaye biyu suka biyo shi. Na ƙura ido. Kashin ƙuda ne, duk goma sha bakwai ɗin.

Na nuna masa. Ko kunya babu, ya tsoma burushi a baƙin fenti ya mayar da biyun.

"Baiwar Allah, shekara tara nake koyar da su. Ba a kanki za su ragu ba."

Tun ranar a kicin nake cin abinci. Mijina kuwa har yau ƙirga wa baƙi su yake yi.