In Ba a Nuna Gawa Ba

"Inna, wai wa ya ga gawar Baba?"

Zulai ta dakata da tsintar shinkafa. Rumaisa, 'yarta mai shekara shida, tana tsugune a gindin darbejiya, ta ƙanƙame tsohuwar wayar ubanta.

"Wa ya koya miki irin wannan tambaya?"

"Baba."

Gaskiya yarinyar ta faɗa. Ɗalha, mijin Zulai, fassarar finafinai yake yi a wani ɗan shago a Gwandu. Shi ne muryar jarumi, shi ne ta mugu, kuma yakan tsoma bakinsa a tsakiyar labari kamar yana zaune cikin 'yan kallo. Aikinsa na ƙarshe na wani jarumi ne, rabinsa mutum rabinsa aljani, wanda ƙasa ta tsage ta haɗiye a ƙarshen kashi na ɗaya. A daidai wurin Ɗalha ya yi dariya ya ce, "Jama'a, ku share hawaye. In ba a nuna gawa ba, jarumi bai mutu ba. Ku dai jira na biyu."

Wata biyar ke nan da zazzaɓi ya ɗauke shi. Ran da ya cika, tun kafin a ɗora ruwan wanka, Zulai ta saka Rumaisa a motar Kalgo tare da Lauratu, yayar ita Zulai, don kada idon yarinya ya faɗa kan makara. A ganinta gata ta yi mata. Da ta gama takaba ita ma ta dawo Kalgo, ta tarar yarinyar ba ta kuka, kullum sai kallon fim ɗin nan. Har ta yi wa Allah godiya.

Da la'asar Lawali, abokin aikin Ɗalha, ya yi sallama daga zaure.

"Matar yayana, na biyun ya fito. Rumaisa ce ta sa ni alkawari."

Zulai ta so ta hana, amma tuni Rumaisa ta miƙa masa wayar, ya tura mata fim ɗin. Suka zauna a tabarma. Kaburbura suka buɗe, mugun da aka kashe ya dawo da ƙaho biyu, tsohon malamin jarumi ya faɗi yana wasiyya.

"Yanzu zai fito," in ji Rumaisa. "Sai an fid da rai yake zuwa."

Ƙasa kuwa ta dare, jarumi ya fito yana kakkaɓe toka. Ya buɗe baki, sai muryar Lawali.

Yarinyar ta mayar da wurin baya, ta kara wayar a kunne. Sau uku.

"Kawu, ina ka kai muryar Baba?"

Lawali ya cire hularsa ya tsura wa cikinta ido.

Zulai ta jawo yarinyar jikinta. "Rumaisa, saurare ni. Ni na gan shi. Da hannun nan na rufe masa ido. An yi masa salla, an kai shi makwancinsa. Babanki ba zai dawo ba, mu ne za mu je mu same shi."

Rumaisa ta daɗe tana duban hannun.

"Ke kika gani. Ni ba a nuna mini ba." Ta juya. "Kawu, akwai na uku?"

Lawali bai iya ƙarya ba. "An ce akwai."

Rumaisa ta ɗauki wayar ta koma bakin zaure, inda ake hango motocin da ke tahowa daga Gwandu, ta gyara zama. Zulai ta koma kan shinkafarta, tana tsintar tsakuwa tana mayar da ita cikin faifan ba ta sani ba.

Iyaye, ku yi hattara. Ranar da mutuwa ta shigo gidanku, kada ku yi saurin saka yaro a mota. Ku riƙe hannunsa, ku bar shi ya yi bankwana, ya yi kukansa tare da kowa. In kun hana shi gani, zai zauna jira, kuma ba ku da abin da za ku ce ya tashi.