Kunun 'Yan Dubiya

A shekarar da aka yi ƙarin albashin Udoji, kusan babu gidan da bai sayi fulas ba a Wudil. Wanda ba ya aikin gwamnati ma yana da ɗa ko suruki da ke yi. A wannan shekarar ce Gwadabe, dillalin shanu a Kara, ya yanke jiki ya faɗi yana tsakiyar sasanta wasu mutum biyu a kan bijimi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke.

Ƙanensa Sabo ne ya kai shi asibiti, shi ne kuma ya zauna jinya. Likitan da ke duba ɗakin maza, Likita Wali, saurayi ne siriri mai ƙarancin magana. Ya ɗebi ruwa a cokali ya zuba wa Gwadabe a baki. Gwadabe ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya kawo ruwa. Likita ya girgiza kai, sannan ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado. Fulasai ne a jere, ja da kore da mai furanni, ga ƙwaryar fura a bayansu.

"Malam Sabo, yayanka mutumin kirki ne?"

"Ranka ya daɗe, tambayi kowa. Daga nan har Kausani babu wanda bai ci arzikinsa ba."

"Abin da nake tsoro ke nan."

Likita ya ja shi gefe ya yi masa bayani. Ya ce mai irin wannan ciwo maƙogwaronsa ma shanyewa yake yi. In aka ba shi abu ta baki, sai ya ɓata hanya ya sauka a huhu, ya ruɓe a can, ya zama ciwon haƙarƙari, wanda su suke kira limoniya. Ita ce ke ɗauke yawancin waɗanda ya rasa a wannan ɗakin. Ya ce tun ranar farko yakan gane wanda za ta kama, da alama biyu: wanda ya ƙware da cokalin ruwa, da wanda ƙarƙashin gadonsa ya cika. Gwadabe ya haɗa duka.

"Za mu sa masa roba ta hanci, ta nan zai ci. Ko ɗigon ruwa kada ya shiga bakinsa sai na ce."

Sabo ya ce ya ji. Amma faɗar ta fi aikatawa sauƙi. A Wudil ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kuma wanda ya damo kunu ya ɗauko tun daga gida ba ya tashi sai ya ga mara lafiya ya kurɓa daga hannunsa. Kowa ya yarda da maganar likita, kowa kuma yana ganin kunun wasu ake nufi.

Gwaggonsu Indo ce ta fara. Ta ture Sabo da gwiwar hannu, ta buɗe fulas.

"Gwaggo, likita ya hana."

"Likitan nan da na ga gyatumarsa tana tallan daddawa? Kauce, ɗan nema. Na tsamiya ne, ko jariri ya sha."

"Huhu zai tafi, Gwaggo."

"Kai ka taɓa ganin kunu ya yi ɓatan hanya? Buɗe baki, Gwadabe, uwarka ce."

Gwadabe ya buɗe, don bai taɓa iya ƙin kowa ba, ciwon kuma bai canza wannan ba. Aka sa maigadi a ƙofa ya riƙa karɓe fulasai. Da la'asar aka kama maigadin da kansa yana ba Gwadabe ruwan rubutu a murfin kwano, yana cewa wannan ai ba abinci ba ne.

Washegari Likita Wali ya ɗora abin awo a ƙirjin Gwadabe ya daɗe yana saurare. Ya ce huhun dama ya fara ƙara, amma da sauran dama in aka tsaya nan. Yana naɗe abin awon ya ce, kamar mai magana da kansa, "Da mutumin banza ne, da na ce maka zai tashi."

Maganar ta zauna wa Sabo. Ya fita ya zauna gindin darbejiya yana juya ta. Ƙarya haramun ce, ɓata sunan ɗan'uwa kuwa cin namansa ne, wannan ya sani tun yana makarantar allo. Amma suna in ya ɓaci ana wanke shi, mamaci kuwa wanka ɗaya ake yi masa. A kan wannan ya tsaya.

Ranar Juma'a ya shiga Kara, ya raɗa wa wani mai shayi cewa Gwadabe ya daɗe yana sayar da shanun sata. Kafin azahar magana ta zaga kasuwa. Kafin la'asar asibiti ya cika. Dillalai da mahauta da Fulani suka yi layi, kowa da fulas, sun zo su shaida masa sun yafe, kada ya tafi da nauyi. Wani tsoho da bai taɓa mallakar ko akuya ba ya rantse saniyarsa ce aka sace, kuma ya yafe duniya da lahira, sai dai Gwadabe ya kurɓi kunun gyaɗarsa don ya san an shirya. Sabo ya ƙarasa wunin a tsaye a bakin gado yana tare cokula.

Ya sake dabara. Ya ce ashe Gwadabe raina mutane yake yi a bayan ido, har ya taɓa cewa furar mutanen Darki tsululu ce, kare ma ba zai lasa ba. Da safe motar kaya ta tsaya a ƙofar asibiti, matan Darki suka sauko da ƙore a ka. Babbarsu, Safara'u, ta ce ba faɗa suka zo ba.

"Ya ɗanɗana kawai, ya gyaɗa kai ko ya girgiza. Mu ma muna da 'ya'ya mata da za mu aurar, ba a bar mu da wannan suna ba."

Ranar sai da aka rufe ɗakin da kwaɗo. Zazzaɓi ya taɓa Gwadabe da yamma. Likita ya yi masa allura, ya kalli Sabo.

Sabo ya gane inda ya yi kuskure. Laifi mutane suna yafewa, zagi suna zuwa su kare kansu. Abin da ba za su tunkara ba shi ne zargi. Ya san maganar da zai faɗa, kuma bakinsa ya yi nauyi da ita, don ya san irinta ba ta da wanki. Duk da haka ya je gidan Gwaggo Indo, ya sunkuyar da kai, ya ce kafin Yaya ya faɗi ya gaya masa sammu aka yi masa a abinci, kuma wanda ya yi na jiki ne. Ya ce Yaya ya ce a zuba ido: duk wanda ya fi nacin ba shi abu a baki, shi ne, ya zo ƙarasawa.

Gwaggo ta ajiye ludayin da ke hannunta a hankali.

Ba a sake ganin fulas a asibiti ba. Waɗanda suka bar nasu a ƙarƙashin gado ma ba su aiko a ɗauka ba, don kada a tuna wane launi ne na wa. Maigadi ya nemi a mayar da shi ɗakin haihuwa. Ɗaki ya yi tsit. Zazzaɓi ya sauka, ƙirji ya washe, Likita Wali ya fara murmushi in ya zo zagaye. Gwadabe kuwa kullum idonsa na kan ƙofa. In ya ji takun takalmi sai ya yunƙura ya gyara bakinsa, takun ya wuce.

Da aka yi makonni, ya haɗiye cokalin ruwa bai ƙware ba. Aka zare roba, aka ce ya ci abin da yake so, aka sallame shi.

Sabo ya bi gari gida-gida yana cewa ƙarya ya yi, likita ne ya hana abinci, shi kuma ya rasa yadda zai yi. Aka saurare shi da ladabi.

"Allah sarki, Sabo. Ɗan'uwa na gari ke nan, mai rufa asiri."

"Wallahi ni na ƙirƙira!"

"Mun ji. Allah ya ƙara sauƙi. A gaida shi."

Gwaggo Indo ta ce in ta sake dama wa Gwadabe ko ruwan zafi, a kira ta da sunan da aka ga dama.

Sabo ya riƙa shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida da hantsi, babba, irin wadda aka saba cikawa a da. Mutane na wucewa ta ɗaya gefen titi, su yi sallama daga nesa. Gwadabe ya ɗaga musu hannu da murna, hannun hagu, don shi kaɗai ke motsi. Aka ce kun gani, da hagu yake gaisuwa yanzu. Sabo ya fito da kwano ɗaya ya zauna suna ci tare a bainar jama'a, don a ga babu komai. Aka ce kun gani, ƙanensa ma sai ya fara ɗanɗanawa.

Magana ta riƙa dawo wa Gwadabe kaɗan-kaɗan, da ƙyar, kamar ana jawo guga mai nauyi. Wata Juma'a suna zaune, masu dawowa daga Kara suna wucewa da shanunsu, ya bi su da kallo har suka sha kwana. Ya juyo, ya kama rigar Sabo, ya daɗe yana haɗa kalmomin.

"Sabo... mutuwa... na yi ne?"

Sabo ya goge masa gefen baki da hannun riga.

"A'a, Yaya. Warkewa ka yi."