Inda Harajin Abdussamadu Yake Zuwa

Baffa Malami ya daɗe da yin ritaya daga ofishin haraji na Birnin Kebbi, amma har yau da idon ofishin yake kallon mutane. Shi ne waliyyin Hanifa tun rasuwar mahaifinta, don haka wurinsa Abdussamadu ya zo gaisuwa wata Asabar bayan la'asar.

Abdussamadu ɗan Zariya ne. Kamfaninsu ne ya turo shi Argungu ya kafa injinan wata masana'antar casar shinkafa, aikin ɗan lokaci. A asibitin da Hanifa ke aikin jinya suka haɗu, ranar da ƙarfe ya yanke shi a tafin hannu. Ya dawo wankin ciwo, ya kuma ci gaba da dawowa har bayan ciwon ya warke. Sharaɗi ɗaya ta gindaya masa: ba za ta bar Kabi ba. Idon Umma, mahaifiyarta, ya yi rauni, kuma ita kaɗai ce gare ta. Ya ce ya ji, zai zauna.

Hanifa ta kawo musu ruwa zaure, ta koma bayan ƙofa ta laɓe.

Baffa bai tambayi asali ba, bai tambayi sana'a ba. Ya ce, "Yaro, harajin da ake cirewa cikin albashinka, wace jiha ake kai shi?"

Abdussamadu ya yi murmushi, ya zaci wasa ne. "Kaduna, Baba."

"Don mi?"

"Akawunmu ya ce tunda aikin nan na ɗan lokaci ne, kuma ɗakina na Zariya yana nan, can ne mazaunina."

"Akawunku ya san aikinshi," in ji Baffa. "Haraji ba ya bin injin, mazauni yake bi. Inda sabuwar shekara ta iske ka da gidanka na zama, can za ka biya. To ga ka nan, ka faɗa wa ɗiyata za ka zauna, ka faɗa wa hukuma kai baƙo ne. Wanne zan ɗauka?"

Hanifa ta jira Abdussamadu ya ce wani abu, ko da ƙarya ce. Sai ya yi wa Baffa sallama ya miƙe.

Da ta rako shi bakin mota ta ce, "Ashe ɗakin yana nan."

"Yana nan."

"Da katifa da komai?"

"Hanifa, in na sake shi, na saki kujerata a babban ofis ke nan. Masu masana'antar nan sun ce za su riƙe ni, amma ba ɗaya ba ne."

"To, Allah ya kiyaye hanya, baƙon Kabi."

Sai da motar ta sha kwana ta bari hawayen suka zubo.

Disamba ta kama, aikin injinan ya ƙare, ya tafi Zariya. Yakan kira, takan ɗauka, su gaisa kamar maƙwabta. Ba ta tambaye shi komai ba, don tana tsoron amsar. Da safe takan hau mota zuwa wurin aiki a Argungu, ta bi ta Ambursa tana kallon fadama ana dashen shinkafar rani, da yamma ta dawo ta ɗiga wa Umma maganin ido. Umma ta ce, "Mi ya samu muryarki kwanan nan?" Ta ce mura ce.

Ana gobe sabuwar shekara, da hantsi, Abdussamadu ya kira Baffa, ba ita ba. Washegari Baffa ya saka babbar riga ya ce ta ɗauko mayafi su tafi Argungu, akwai wurin da zai duba.

Ɗaki biyu ne a wani gidan haya bayan kasuwa. Abdussamadu na tsaye bakin ƙofa, idonsa ja don gajiyar hanya. Baffa ya amsa gaisuwa a taƙaice ya kutsa ciki. Bai kalli firji ba, bai kalli talabijin ba. Ya danna katifa da sandarsa. Ya ɗaga murfin randa ya ga ruwa. Ya juya tukunya ya dubi gindinta, baƙi ƙirin, ba sabuwa ba ce.

"Lokacin da muke aiki," ya ce, "haka nake gane mai zama da mai wucewa. Mabuɗin Zariya fa?"

"Na mayar wa mai gida, Baba. Na ajiye aikin can, na kama na nan. Na kuma gaya wa akawunsu Kabi zai riƙa kai nawa."

"Madalla. Yanzu ka zama namu, za mu tatse ka yadda ya kamata." Ya gyara hularsa. "Ka ce ma magabatanka su taho."

Hanifa na tsaye a tsakar gidan, ta rufe baki da gefen mayafi. Abdussamadu ya matso kaɗan, ya rage murya.

"Har yanzu baƙo ne ni?"

Ta leƙa ɗakin ta bayan kafaɗarsa, ta share ido.

"Wannan labulen dai ba zai kwana nan ba," ta ce. "Wa ya zaɓa maka shi?"