Wushiryar da Ta Ɓata

Duk layin an san ta da Mai Wushirya, amma ko 'ya'yanta ba su taɓa ganin wushiryar ba. Mijinta ne ya raɗa mata sunan tun tana amarya, sunan kuma ya bi ta har cikin shagonta na ɗinki. In jikoki suka tambaye ta ina wushiryar take, sai ta ce, "Ku tambayi kakanku, shi ya san inda ya ajiye ta."

Ba ta cika neman almakashi ba in ta kai ƙarshen ɗinki. Takan kai zaren baki ne ta datse shi da haƙoran gaba. Wata safiya ta datse zare a wuyan wata farar riga, sai ga ɗigon jini a kan yadin. Ta yi maza ta wanke shi da ruwan sanyi, amma babbar 'yarta ta riga ta gani.

"Umma, gobe za mu je wurin likitan haƙori."

"A kan me? Safe da yamma ina goge bakina."

"Dasashinki ke jini. Ga kuma abin nan da ya daskare a haƙoranki na ƙasa kamar siminti."

"To, ai shi ke riƙe da su! In aka kankare shi, zubewa za su yi. Ni ba zan tsufa da giɓi ba."

Ta dai bi ta washegari, don ta san halin 'yar tata, ba ta sakin magana.

Likitar mace ce mai sanyin murya. Ta kwantar da kujerar a hankali, ta jawo fitila, ta leƙa bakin da ɗan madubi mai dogon mariƙi. Da ta ji abin da ke damun tsohuwar, ba ta yi dariya ba. Sai ta tambaye ta sana'arta.

"Mama, kin san ƙurar zaren nan da ke taruwa a cikin keken ɗinki?"

"Na sani mana. In ka bar ta sai ta cije keken."

"To, wannan ma haka yake. Datti ne ya taru ya yi tauri, buroshi ba ya iya shi. Ba riƙe haƙoran yake ba, dasashin yake ci. In aka bar shi, shi zai kayar da su. In kin ji zafi, ki ɗaga hannu in tsaya."

Na'urar kankare haƙori ta fara kuka kamar sauro a kunne, ruwa na fesowa, wani siririn bututu na tsotse shi. Mai Wushirya ta rufe ido ta ƙanƙame hannun kujera. Ta yi ta jiran zafin da zai sa ta ɗaga hannu, amma tsami-tsami kawai take ji. Da aka gama ta kurkure baki ta tofar, sai ga ƙananan ɓarɓashi a cikin kwano, kamar tsakuwa.

Sai ta zagaya da harshe. Inda ta saba jin santsi kamar bango, harshen ya faɗa rami.

"Likita, abin da na guda ke nan. Kin yi min giɓi."

"Ga madubi, Mama. Duba da kanki, ko ɗaya bai fita ba."

Ta karɓa ta duba. Haƙoran na nan ras. Tsakanin biyun tsakiya na ƙasa kuwa ga wata 'yar ƙofa siririya, miƙaƙƙiya. Ta daɗe tana kallonta. Ta san ta.

'Yar ta leƙo ta kafaɗarta, ta kama baki. "Umma! Ashe Baba ba tsokana yake ba!"

Likitar ta ce ɗaya daga cikin haƙoran yana ɗan motsi. Tana sa ran zai zauna in dasashin ya warke, amma sai ta riƙa zuwa ana wankewa, kuma ta daina yanka zare da shi.

Sun tarar da maigidan zaune a kan benci a ƙofar shago, yana gadin keken ɗinki.

"Sannunku da dawowa. An dai bar miki na cin nama?"

Mai Wushirya ta tsaya a gabansa ta yi murmushi, har leɓen ƙasa ya sauka. Tsohon ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar.

"To!" in ji shi. "Shekara da shekaru ana ce min maƙaryaci. A kira min jikokin nan."

Ta shiga ta zauna ta ƙarasa farar rigar. Da ta kai ƙarshen ɗinkin, hannunta ya ɗauki zaren ya nufi baki. Ta tsaya, ta shafi wushiryar da harshe.

"Malam," ta ce, "miƙo min almakashin nan."