Taransifomar Bayan Ɗakin Ya Gumsu

…kuma ai sukarin bai ƙone ba, Ba Ajimi, dubi yadda ya kama itacen hawin turaren nan yana sheƙi. Da kana da rai da yanzu ka leƙo kana tarin ƙarya, wai hayaƙina zai kore ka daga gidanka. Ya kore ka zuwa ina? Kai da ko masallaci ba ka fita sai na turara maka hula.

Ina jin daɗin yau, wallahi. Inuwar darbejiya ta iso kan tabarma, garwashi ya kama daidai, taransifomar bayan ɗakina tana gunjinta a hankali — zuuu — kamar tsohuwa mai jan carbi. To wannan ce yaranka suke so su raba ni da ita. Anjima bayan la'asar Sa'id zai zo da ƙanwarsa Mu'mina su ji amsata. Ya gyara mini ɗaki a gidansa na Jiddari Polo, har da fanka. In bar Mafoni? In bar ƙofar da duk mai son turaren wuta ta san inda take?

Mu'mina ce ta zo da maganar daga jami'a. Wai duk inda lantarki ke gudu akwai maganaɗisu da ido ba ya gani, yana kai da komowa, yana ratsa bango, yana ratsa kai. Wai masana sun sa ɓeraye cikin irinsa, wasu barcinsu ya lalace, wasu suka manta hanyar abinci, wasu kuwa ko gezau. Na ce to ni ɓera ce? Ta yi dariya. Yarinyar nan ba ta iya ƙarya ba, ita da bakinta ta ce, "Ya, ba a tabbatar ba, amma gadonki jikin bangon yake, ga shi kwanan nan kina mantuwa."

Mantuwa… wa ba ya mantuwa? Sandal na zuba, gajiji na zuba. Farce — na daka farcen? Na daka, ga turmin nan da ƙamshinsa. Ka gani? Hannun nan bai taɓa neman awo ba, haka na koya a gindin kakata, hanci ne ma'auni. Yau ma shi zai gaya mini lokacin sauke kasko.

Amsata a shirye take. Zan ce na gode, Allah ya yi albarka, a ja gadon zuwa ɗaya bangon, shi ke nan. Ni har daɗin abin nake ji, kar ka gaya musu. Tunda aka ɗora wa taransifoma laifi kullum sai Mu'mina ta biyo, ta zauna nan tana cika mini kwalabe tana ba ni labarin ɓeraye. Da can sai Juma'a nake ganin fuskarta.

Kwalabe… sun kusa ƙarewa, sai na aika wa Augustina, mai shagon bakin layi. Mace ta gari. Ita ce ta kama hannuna wata rana can baya — ina tsaye tsakiyar layinmu da lafayata ruwan goro, ledar sukari a hannu, ƙofofi duk sun zama iri ɗaya, ina dubawa ban san wacce ce tawa ba. "Ya Gumsu, zo in raka ki," ta ce, a hankali, ba ta bari kowa ya ji ba. Ban gaya wa yara ba. Zafi ne, na ce wa kaina, garin ya yi zafi, ga ƙarar janareto ta ko'ina, ga awakin maƙwabcinmu Babakura kwance a gindin taransifoma, yara sun shanya riguna a kan shingenta…

Tsaya. Riguna a kan shingenta?

Lokacin da aka kayar da turakun wuta a hanyar Damaturu ke nan. Gari ya yi wata da watanni babu lantarki. Taransifomar tana nan shiru, a mace, ko zuuu ɗin babu. Babu abin da yake ratsa bango, Ba Ajimi. Babu abin da yake ratsa kowa. Ni ce kawai, da wannan kan nawa.

To ba ita ba ce. Ai wannan hujja ce, in na faɗa Mu'mina za ta yarda nan take, ta san lissafin abin ta fi ni. Sai dai in na faɗa, sai na faɗi maganar ƙofofin… kuma daga nan ba gado za su ja ba, ni za su ɗauka, ko lafaya ba za su bari in canja ba. In kuma na yi shiru, su ci gaba da tsoron ƙarfe, suna nema mini magani inda babu ciwon.

Keke ya tsaya a waje. Muryar Sa'id ce, yana gaisawa da maƙwabta. Na gaji, ƙafafuna sun yi nauyi, ga ƙamshi ya cika gidan — daidai, daidai yadda ya kamata, yanzu ne lokacin saukewa.

"Salamu alaikum, Ya."

Bari in sauke kaskon tukuna.