Ajiyar Halilu a Cikin Rijiya

Da kakar shekarar 1976, ana tsakiyar ɗaurin hatsi, wata motar gwamnati ta sauke Halilu a wani ɗan ƙauye na ƙasar Dogo-Dogo, da jaka ɗaya a kafaɗa da wani akwatin ƙarfe da ya rungume kamar jariri. Shekara bakwai rabonsa da gida. Baffansa Dalhatu Mai-rijiya, wanda ya riƙe shi tun rasuwar ubansa, yana bakin rijiya yana gyaran igiya, da ya ɗago ido ya gan shi sai igiyar ta suɓuce masa.

Wannan rijiyar kuwa sai an faɗa muku ko wace ce. Gaba ashirin da biyu ce, Dalhatu ya haƙa ta da hannunsa yana saurayi, kuma a shekarun farin nan da rijiyoyin maƙwabta suka ƙafe ƙaf, ita ba ta ƙafe ba. Mutanen gari a nan suke sha, shanun rugar Giɗaɗo ma a nan. Shi kansa Dalhatu mutum ne mai taurin kai da saurin hasala, amma ko maƙiyinsa bai taɓa cewa ya yi ƙarya ba. Lokacin da ake ɗibar yara zuwa lakwal, wato makarantar boko, wasu har cikin rumbu suke ɓoye nasu, shi kuwa ya kama hannun Halilu ya kai shi Magarya da ƙafa. Daga nan sai Damagaram, sai Yamai, sai Faransa.

Bayan an ci an sha, Halilu ya jawo akwatin ya ce, "Baffa, ajiya na kawo maka. So nake a sa shi can ƙasan rijiya, sama da ruwa kaɗan, ya yi wata huɗu."

"Mene ne a ciki?"

"Akwai wasu ƴan mitsi-mitsin abubuwa da ke zubowa daga sama dare da rana. Ƙwayar ƙura ma dutse ce a kansu. Suna ratsa jinka, suna ratsa mutum, suna shigewa cikin ƙasa."

"Yanzu haka suna ratsa ni?"

"Yanzu haka, Baffa."

Dalhatu ya shafa ƙirjinsa, ya harari yaron. "Abin da ke ratsa mutum bai ji ba, a garin nan sunansa daban, kuma wurin malam ake kai zancensa."

Halilu ya yi dariya, ya yi masa bayani dalla-dalla. A cikin akwatin akwai alluna goma sha biyu na gilashi, an shafe su da magani irin na masu ɗaukar hoto. Duk abin nan da ya ratsa allo sai ya bar sawu, kamar sawun tururuwa a rairayi. Ya bar wani akwati irinsa a saman soro a Damagaram; in ya haɗa biyun ya ƙirga sawun, zai san nawa ƙasa take tarewa. Shekara biyu ya yi yana roƙon malamansa kafin su yarda su ba shi allunan, kuma takardarsa ta gama karatu a kansu ta rataya.

"To buɗe mu gani, in kira Liman da wani su shaida."

"A nan gizo ke saƙar, Baffa. Ba ya buɗuwa. Haske kowane iri, na rana ko na fitila, in ya taɓa su sun mutu."

To fa! A wurinmu ba a karɓar ajiya a ƙunshe. Ko allura ce sai an kwance tsumman gaban mutum biyu, kowa ya gani. Balle abin da za a sa a rijiyar da gari ke sha. Dalhatu ya san wannan sarai, shi ne ma mai yi wa wasu faɗa a kai. Amma ɗan ƙanensa ne, ga shi da takarda mai hatimin bariki, ga idonsa ya yi ƙuri yana jiran amsa. Washegari da hantsi tsohon ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, ya ƙwaƙule gurbi a jikin bango inda ƙasa ta yi tauri, ya cusa akwatin, ya toshe da dutse. Mata masu ɗibar ruwa suna tsaye suna kallo. Halilu ya kwana uku ya koma.

Wata na farko lafiya lau. A na biyu saniyar Giɗaɗo ta yi ɓari, bayan mako guda wata ta yi, sannan wani ɗan maraƙi ya kwanta bai tashi ba. Giɗaɗo da Dalhatu shekara talatin suna tare, ɗaya na ba da taki da nono, ɗaya na ba da kara da ruwa. Amma Giɗaɗo bai zo ya tambaye shi komai ba. Kawai aka wayi gari ya kaɗa garkensa zuwa wata rijiya mai nisan rabin yini, in sun haɗu a hanya ya yi gaisuwa a tsaitsaye ya wuce. Wannan ya fi zagi ciwo.

Daga nan sai gari ya ɗauka. Wata ta ce ruwan ya canza ɗanɗano. Wata ta ce ɗanta ya yi gudawa kwana biyu, sai ka ce yau yara suka fara gudawa a duniya! Wani da ya taɓa yin lebura a arewa, inda Nasara ke haƙar wani dutse, ya ce shi ya san irin waɗannan akwatuna, gwada ƙasa ake yi da su, in an sami abin da ake nema a tashi gari ɗungurungum. Bai taɓa ganin akwatin ba, amma da bakinsa ya fi kowa sani.

Maigari Jibo ya aika aka kira Dalhatu. Ƙofar gida ta cika, Giɗaɗo yana gefe ya dogara da sandarsa.

"Mai-rijiya," in ji Maigari, "ba wanda ya ce ka cuci kowa. A fito da abin nan a buɗe, kowa ya gani, hankali ya kwanta."

"Ranka ya daɗe, amana ce. In aka buɗe ta lalace."

"To ka dafa Alƙur'ani ka ce babu cuta a ciki, mu kuwa mu yarda."

Dalhatu ya gyara zama. Gumi ya tsattsafo masa. Da ƙyar ya ce, "Ba ni rantsuwa a kan abin da idona bai gani ba."

Guna-guni ya tashi a wurin. Giɗaɗo ya ce a hankali, "Kai ma ke nan ba ka sani ba." Maigari ya yanke magana: nan da Juma'a, ko a buɗe, ko a rantse, ko a rufe bakin rijiyar da ƙaya a kai zance ga jandarma. Dalhatu ya miƙe a fusace, ya ce wanda duk ya taɓa masa rijiya sai dai ya fara taka gawarsa, ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Amma fushin na waje ne. A ciki, maganar Giɗaɗo ta zauna masa daram. Yana zaune gindin rumbu yana murza igiya, abubuwa suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya. A kwana ukun nan, ya taɓa ganin Halilu ya kafa kai a guga ya sha kamar da? Bai gani ba. Kullum sai ya cika gorarsa, ya jefa wata ƴar farar ƙwaya, ya jira, sannan ya sha. Ya ce wai cikinsa ne ya saba da ruwan can. To me ya sa bai ba kowa ƙwayar ba? Shekara bakwai yaro yana hannun Nasara, yana cin abincinsu, yana yarensu. Wa ya san abin da suka mayar da shi? Ko kuma shi ma rufe masa ido suka yi, suka ɗora masa kaya bai san me ya ɗauko ba? Dalhatu ya ji kunyar tunanin, ya yi a'uziyya, ya tofar da yawu. Tunanin ya tafi ya sake dawowa. Har ruwan da matarsa ta kawo masa sai da ya shinshina kafin ya sha.

Ranar Alhamis da rana tsaka, lokacin da kowa ya shige inuwa, ya sauka rijiya ya fito da akwatin cikin buhu. Ya kai shi bayan rumbu, ya waiga hagu da dama kamar ɓarawo a gidansa. Ya ce wa kansa leƙawa kawai zai yi, ƙiftawar ido ɗaya, ai ba za ta kashe komai ba. Ya sa wuƙa ya ɓamɓare baƙin danƙon da aka liƙe murfin da shi. A ciki baƙar takarda ce, ninki a kan ninki. Ya kwance.

Alluna goma sha biyu na gilashi, kamar yadda aka faɗa masa. Fuskarsu fara-fara, kamar kitsen da ya daskare. Ba laya, ba gari, ba wari, ba komai. Ya ɗaga ɗaya yana neman sawun tururuwar, bai gani ba, ya ɗaga na biyu, ya baje sauran a kan buhu ko wani abu yana ɓoye a ƙarƙashi. Yana cikin juya su sai ya lura na farkon ya fara dishewa. Farin ya koma toka-toka, yana ƙara duhu a kan idonsa, sauran ma suna bi.

"Innalillahi!" Ya kife rigarsa a kansu. Ina! An riga an gama. Yaron gaskiya ya faɗa, tun daga farko har ƙarshe, kuma shaidar ita ce wannan ɓarnar da ke gabansa. Daɗi ya kama shi cewa ɗansa bai cuci kowa ba, baƙin ciki ya biyo baya ya danne daɗin. Ya nannaɗe su yadda ya same su, ya narka kakin zuma ya liƙe murfin, ya shafa masa baƙin tukunya, ya mayar rijiya.

Ranar Juma'a ya yi alwala, ya je ƙofar Maigari, ya dafa Alƙur'ani ba tare da muryarsa ta girgiza ba, ya rantse babu guba, babu sammu, babu wata cuta a cikin akwatin. Mutane suka yi ta jinjina kai. Kafin la'asar mata sun koma layi da tulunansu. Bayan mako uku likitan dabbobi ya zo daga Magarya, ya ce ciwon bakkale ne ya shiga garken, daga wani bijimi da aka sayo a kasuwa. Giɗaɗo ya dawo da shanunsa, ya kawo ƙwaryar man shanu, ya ce a yafe masa. Dalhatu ya ce ba komai, amma man nan bai iya ci ba.

Wata huɗu cif Halilu ya dawo. Kafin ya ƙarasa gida Maigari ya tare shi a ƙofa, ya zayyana masa komai, har da kwaikwayon muryar tsohon. "Ka gode wa Allah da ya ba ka uba. Da farko ya ƙi rantsuwa, gari ya taso masa. Bayan kwana uku ya zo ya dafa Littafi saboda kai, alhali bai san abin da ke ciki ba!"

Halilu ya yi godiya. Dalhatu yana tsaye a gefe, ya ga murmushin yaron ya tsaya a rabi.

Suka tafi rijiya su biyu. Tsohon ya sauka, ya fito da akwatin, ya ajiye a kan gungumen bakin rijiya. Ya yi ta share masa ƙasa da gefen riga, yana jiran a duba murfin. Halilu ko kallon murfin bai yi ba, fuskar baffansa yake kallo.

"Baffa, ranar farko ka ce ba ka rantsuwa a kan abin da ba ka gani ba."

"Na ce."

"Ranar Juma'a kuma ka rantse."

Da wani ne, da ya ce istihara ya yi, ko zuciyarsa ce ta natsu. Dalhatu bai iya ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na buɗe. Da rana. Duka goma sha biyun."

Ya so a ce yaron ya yi ihu, ya zage shi ma, ya yi jifa da akwatin. Halilu ya zauna a kan gungumen kawai, ya ɗora akwatin a cinya, yana nan zaune har wata mata ta zo ta ja guga biyu ta tafi.

"Allunan, wataƙila in na yi shekara ina roƙo a sake ba ni wasu," ya ce daga baya. "Amma Baffa, me ka zata zan sa a ruwan da kake sha?"

Dalhatu ya kawar da kai. Hawaye ya zubo masa, tsoho da shi, a bakin rijiya da rana kata. "Ka kawo wasu, ɗana. Wallahi ko garin nan zai tashi ba mai taɓa su. Ni zan kwana a kansu."

"Akwai rijiya a lakwal ɗin Magarya," in ji Halilu cikin ladabi, irin ladabin da ake yi wa baƙo. "Ba ta kai wannan zurfi ba, amma za ta yi. In na samo wasu, zan bar wa mushe, malamin lakwal ɗin. Ba sai an sake wahalar da kai ba, Baffa."

Ya miƙe, ya durƙusa ya yi masa sallama yadda ya kamata, ya saɓa akwatin a ƙarƙashin hamata ya nufi inda direban motar da ta kawo shi ke jiransa.