Ranar da Gwaggo Ta Tashi Daga Teburin Sulhu

A hukumar kula da kwamfutocin gwamnati kowa Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ita ce shugabar ƙungiyar ma'aikata, mace mai sanyin murya da tabarau rataye a wuya. Mataimakinta kuwa Tartsatsi ake kiransa, don kafin a rufe baki ya kama da wuta. Aikinsa kula da manyan na'urorin da asibitoci suke dogaro da su, kuma matarsa ta sha yi masa tsiya cewa da wayar ofis aka ɗaura masa aure, ita rakiya ta zo.

Buƙatu biyu ƙungiya ta kawo: duk wanda aka kira aiki bayan an tashi a ba shi hutu washegari, sannan a mayar da 'yan kwantiragi cikakkun ma'aikata. An yi makonni ana zama a wani ɗaki mai dogon tebur, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga cikin bokiti. Darakta da lauyan hukuma suna can gefe, amsarsu kullum ɗaya: "Za mu duba."

Ran nan da hantsi ana cikin ja-in-ja wayar darakta ta yi ƙara. Ya saurara, fuskarsa ta canja. Na'urar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya ta tsaya cak; a babban asibiti ba a iya buɗe sakamakon gwaji, ba a iya ba da magani.

Zuciyar Tartsatsi ta yi fari. Ya matso da kujera ya raɗa mata, "Gwaggo, Allah ya kawo mana. Kada kowa ya motsa sai sun sa hannu."

Ba ta ko dube shi ba. Ta tattara takardunta ta miƙe. "Ranka ya daɗe, a ɗage zama. Muna da aiki."

A baranda Tartsatsi ya tare ta. "Haba Gwaggo! Yau da muka riƙe wuyansu za ki sake su?"

"Wuyan wa ka riƙe?" in ji ta. "Darakta yana da likitansa. Matar da ke zaune a benci da jinjiri yana zazzaɓi, ita ta hana ka hutu? Wuce mu tafi, ɗana, ka fi kowa sanin na'urar nan."

Suka sauka ɗakin na'urori, inda sanyi ke ratsa ƙashi. Gwaggo ta tuɓe takalmanta masu tsini, ta durƙusa bayan akwatunan ƙarfe tana haska masa fitilar waya, yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana ƙunƙuni. Ita kuwa sai tsokanarsa take: "Yi a hankali, kada fushinka ya ƙona mana sauran." Kafin la'asar fitilun na'urar suka koma kore, asibiti ya bugo cewa layi ya fara tafiya.

Da aka koma tebur Tartsatsi ya zuba ido ya ga yadda za ta yi musu gori. Ita kuwa sai kawai ta sa tabarau, ta buɗe shafin da aka tsaya. "Muna kan maganar hutu."

Darakta ya daɗe yana kallon ƙurar da ke gwiwar rigarta. Lauya ya buɗe baki, darakta ya ɗaga masa hannu. "Hutun nan an ba ku. 'Yan kwantiragi kuwa, rabi kawai zan iya ɗauka bana. Fiye da haka ƙarya zan yi miki."

Ta ja, ta matsa, har ta samo alkawari a rubuce cewa ba za a sallami sauran ba kafin zama na gaba. Nan ƙarfinta ya tsaya.

A zauren taron ƙungiya wasu suka yi tafi, wasu suka yi ihu cewa an sayar da su. Tartsatsi ya zaci za ta ƙawata labarin, sai ya ji ta ce, "Rabi na samo muku, rabi ya fi ƙarfina. Kuma dama ta zo mu bar asibiti a tsaye sai sun sa hannu, ni na ƙi. Mai jin haushi ya ji da ni."

Wani ɗan kwantiragi ya miƙe yana nuna ta da yatsa. Tartsatsi bai san lokacin da ya tashi ba. "Malam, sauke hannunka. A gabana aka yi komai. Da ni ne a kujerarta, da yanzu mutanen gari suna jifanmu."

Aka watse. Gwaggo ta ja kujera bakin ƙofa ta zauna, duk wanda bai shiga rabin ba ta tsayar da shi, ta tambayi shekarunsa a aiki da halin gidansa. Tartsatsi ya kawo mata ruwa, ya ja tasa kujerar kusa da ita, ya kira na gaba.